Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Shekarar da Muka Koma Kan Tambaya

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, malamai abokan aiki maza da mata masu koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejojinmu, barkanmu da sake haɗuwa. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ɗauki alkawari amma ya gagara. Kafin komai, muna addu'a ga abokan aiki da 'yan uwa da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Za ku tuna a babban taron bara an yi ƙorafin cewa zamanmu ya koma na gaisuwa da shan lemo da karɓar takardar shaidar halarta, wadda kowa ke lallaɓawa cikin fayil don ranar neman ƙarin girma. Maganar ta yi ɗaci, amma ba wanda ya iya musa ta. Shi ya sa kwamitin zartarwa ya yanke cewa bana ba za a gayyato wani ya karanta mana takarda tun daga bismillah har tammat muna gyangyaɗi ba. A kowane zama, mutum ya zo da tambayar da yake son bincikawa, ko wadda ɗalibinsa ya kawo masa, a baje ta a faifai.

Zaman farko ya tona mana asiri. Aka ce kowa ya tashi ya rubuta taken bincikensa a allo. Kafin a daɗe allo ya cika, kuma kusan kowane layi da kalma ɗaya ya fara: tasirin wayar salula a kan ƙwazon ɗalibai, tasirin mutuwar aure a kan tarbiyyar yara, tasirin talla a kan karatun 'ya'ya mata. Sai ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya yi ritaya amma bai taɓa fashin zama ba, ya ɗaga sandarsa ya nuna layin talla, ya ce da mai shi: "Malam, tun kafin ka raba takarda ko ɗaya, me kake zaton za ka samu?" Malamin ya ce ai kowa ya san talla na hana karatu. Baba ya ce, "To tunda ka sani, wahalar me za ka ba kanka, ka ba 'ya'yan mutane?" Aka kwashe da dariya, sannan ɗaki ya yi tsit, domin kowa ya waiwayi nasa layin.

A kan wannan take ɗaya muka ƙare yinin. Wace tallar? Ta sassafe da ke sa yarinya makara, ko ta bayan la'asar? Wadda ke ɗaukar na uwarta, ko wadda ake biya ta ɗaukar wa wata? Shi kuma "karatu", zuwa makaranta ake nufi, ko makin jarrabawa, ko iya karanta jimla? Wata malama ta ce ita a unguwarsu ba ta taɓa ganin an cuci mai tallar awara wajen canji ba, alhali yarinyar nan in ka rubuta mata lissafin a takarda sai ta tsaya tana tauna biro. Ta tuna mana binciken da aka wallafa a 1985 kan yara masu sayar da kaya a titunan Recife ta ƙasar Burazil, inda yaran suka ci kusan duk lissafin da aka yi musu a bakin ciniki, amma da aka mayar da shi lissafin aji suka faɗi fiye da rabi. Wani kuma ya ambaci aikin Enid Schildkrout kan yara da talla a cikin birnin Kano a shekarun 1970, wanda yawancinmu a nan muka fara jin labarinsa, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu aka yi. Da magariba ta gabato, take ya rikiɗe ya zama haka: shin 'yan aji huɗu masu talla sun fi takwarorinsu lissafin ka, in kuwa sun fi su, me ke hana hakan fitowa a jarrabawa? Daga ranar muka ɗauki ma'auni ɗaya, muna auna kowace tambaya da shi: in babu amsar da za ta iya ba ka mamaki, hukunci ka riga ka yanke, ka liƙa masa alamar tambaya.

Wannan ya ja mu zuwa furojet ɗin ɗalibai. Duk mun san yadda abin yake. Ɗalibi ya shigo ofis bai san me yake nema ba, amma ya riga ya san mutum 384 zai raba wa takarda, saboda haka jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya nuna masa. Ya san zai yi amfani da ma'aunin Likert, wato na "na yarda" zuwa "ban yarda ba", ya san akwai wani mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta da zai saka alƙaluman a manhajar lissafi ta SPSS ya haɗa masa babi na huɗu, na sakamakon bincike, in ya biya. An ɗaura sirdi, babu doki. Ban ga laifin mai shago ba, sana'arsa yake yi. Mu ne ke sa hannu a shafin farko. Zaman ya amince cewa kada malami ya karɓi babi na ɗaya sai ɗalibi ya faɗi tambayarsa da baki, da Hausa ko da harshen da ya tashi da shi, cikin jimla guda. Waɗanda suka gwada sun ce ɗalibai sun yi ta gunaguni a makon farko. Waɗanda ke duba aikin ɗalibai masu yawan gaske kuma sun ce lokaci bai ba su dama ba, uzurinsu karɓaɓɓe ne. Sai dai mu tuna dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da digiri tare da NCE, don haka aikin duba furojet ƙaruwa zai yi.

Ta ɓangaren koyarwa, abin da ya fi armashi shi ne fitar da muka yi bayan ƙaramar sallah zuwa firamaren da ke harabar ɗaya daga cikin kwalejojinmu, bayan samun izinin hedimasta da na iyayen yaran. Shekara da shekaru muna yi wa ɗalibai shiftar matakan bunƙasar tunanin yaro na masani Piaget, suna haddacewa suna amayar mana a jarrabawa, amma da aka tambaya, kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama gaban yaro suka yi gwajin da hannunsu. Muka tafi da kofuna biyu iri ɗaya, da doguwar kwalba siririya, da butar ruwa. Na zauna kusa da wata yarinya 'yar shekara shida, hijabinta har ƙasa, idonta a kan takalmin malamin da ke gwajin. Aka cika kofuna biyu, aka tambaye ta, ta ce daidai suke. Malam ya juye ɗaya a kwalba, ya sake tambaya. Ta yi jim, ta saci kallon fuskarsa, ta nuna kwalba. A littafi, shi ke nan, yarinya ba ta kai matakin gane cewa sauya mazubi ba ya sauya yawa ba. Amma da aka tashi shan iska, wata malama ta kira ta gindin dalbejiya, ta miƙa mata kofi ta ce ta juye da kanta, ta tambaye ta sau ɗaya cikin wasa. Yarinya ta ce, "Anti, ai ba a ƙara ba, ba a rage ba."

Ba bincike muka yi ba, yara kaɗan ne, kada wani ya je ya rubuta cewa ƙungiya ta rushe Piaget. Abin da muka gani ma an daɗe da ganinsa. Rose da Blank sun nuna a 1974 cewa in babba ya maimaita wa yaro tambaya, yaron kan ɗauka amsarsa ta farko ce ba daidai ba, sai ya sauya. Patricia Greenfield ta ga yaran Wolof na Sanigal da ba su shiga boko ba sun fi ba da amsa daidai in su suka juye ruwan da hannunsu. Price-Williams kuma tun 1961 ya gwada yaran Tibi a nan Najeriya da kayan da suka saba gani, har da ƙasa, ya tarar suna bin matakan kamar yaran Turai. Tambayar da muka dawo da ita tamu ce: yaron da aka hora da cewa kallon idon babba rashin kunya ne, musa masa kuma rashin tarbiyya, in ya yi shiru ko ya sauya magana, fahimtarsa muka auna ko ladabinsa? Mambobi biyu sun ɗauki wannan, suna kan tsara yadda za su bi ta. Wasu kuma sun fara tura ɗalibansu su yi gwajin kofi lokacin TP, wato koyarwar gwaji, su kawo rahoton shafi ɗaya a madadin aikin gida na kwafe-kwafe.

Zaman da ya fi zafi shi ne na tsakiyar damina. Mai gabatarwa ya kawo alƙaluma biyu. Na farko, a 2015 masana da dama sun haɗu sun maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallun fanninmu, kashi 36 cikin ɗari kacal suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Na biyu, nazarin Arnett na 2008 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai. Wani matashin malami ya harzuƙa ya ce to ashe tatsuniya muke koyarwa, a rufe sashen kowa ya huta. Aka yi ta ja-in-ja har ruwa ya sauko, ƙarar kwano ta hana mu jin juna, ala tilas muka sarara.

Da ruwa ya tsagaita, misalin alewa ya daidaita mu. Kowa na koyar da gwajin Walter Mischel na Jami'ar Stanford: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, in ya daure bai ci ba har a dawo, a ba shi biyu. Da aka sake bin lamarin a 2018 da yara masu yawa, alaƙar haƙurin da nasarar karatu ta ragu ƙwarai bayan an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito. A Kamaru kuwa, Bettina Lamm da abokan aikinta sun gwada 'ya'yan manoman Nso 'yan shekara huɗu da fanke, kusan kashi 70 suka jira minti goma cur, yayin da na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Nan take aka fara tambayar ina yaran Bahaushe za su faɗa, su da tun suna goye ake rera musu haƙuri da kawaici. A ganina wannan shi ne amfanin zaman: littafin da muke koyarwa cike yake da ƙofofi a buɗe.

Mun kuma amince da gyara biyu a laccocinmu. Batun cewa kowane ɗalibi na da salon koyonsa, wannan mai gani ne wancan mai ji, kuma sai an koyar da shi ta salonsa zai gane, bitar da Pashler da abokansa suka yi a 2008 ba ta sami hujjar da ta tsayar da shi ba. Za mu riƙa faɗa wa ɗalibai haka, ko da yake na san yana nan daram a takardun lacca da wasunmu suka buga. Abin da ya tsaya da ƙafarsa kuwa za mu ba shi fili: aikin Ebbinghaus na 1885 kan mantuwa, amfanin rarraba bita, da abin da Roediger da Karpicke suka nuna a 2006, cewa janyo karatu daga ka ya fi maimaita kallonsa zama. Wani alaramma cikinmu ya yi murmushi ya ce wannan ai tilawa ce da tishi, kuma a tsangaya ba a wanke allo sai an biya da ka. An ba shi aikin mayar da murmushin tambayar bincike.

Kwamitin kalmomi bai kammala ba. Sun maƙale a kan "damuwa", wadda ke ɗauke da abubuwa uku ko huɗu da littattafan Turanci suka rarrabe, sannan ga hankali da basira da hazaƙa da wayo, kowanne da gurbinsa. Sun gwada dabarar Brislin ta 1970, wani ya fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, abin da ya dawo sai da ya ba su dariya. Sun kuma lura ɗalibanmu ba sa cewa suna cikin damuwa, sai dai "kaina ke ɗaukar zafi in na buɗe littafi", irin koken da Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya tun 1960. Mun ƙara musu wa'adi.

Mujallar da muka yi alkawari ba ta fito ba, kuɗi ne babu. An yi zama ɗaya kan rubuta neman tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, waɗanda suka tura suna jira. Ma'aji zai karanta bayanin asusu da kansa, ni dai roƙona ga masu bashin kuɗin wata su taimaka, don har yau aljihun Malam Shugaba ke sayen man janareta. Muna godiya ga shugabannin kwalejojin da suka ba mu ɗaki, da masinjan da ke jiranmu har bayan isha ya kulle.

Zama na gaba yana nan a farkon zangon karatu, za a sanar da rana. Kowa ya zo da rabin takarda: a sama tambayarsa cikin jimla ɗaya, a ƙasa amsar da in ya same ta za ta ba shi mamaki. Baba ya ce zai zo da sandarsa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.