Asma a Kano: ba ƙurar hunturu kaɗai ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan asma, wadda iyayenmu ke kira fuka.

Da zarar hunturu ya kama, kowa sai ya ɗora wa ƙura laifi. Ba ƙarya ba ne, hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana tayar da ciwon. To amma yaron da ke kwana a zaune, ƙirjinsa na shiɗewa a tsakiyar watan Agusta, ana sheƙa ruwa, wace ƙura ce ta kama shi?

A 1997 an wallafa wani bincike da aka yi a Jimma ta ƙasar Habasha, wanda ya gano asma ta fi yawa a cikin gari fiye da ƙauyukan da ke kewaye. A 2016 kuma, a Amurka, aka ga 'ya'yan manoman Amish (wata al'ummar Kirista mai noman gargajiya) da ke tasowa kusa da dabbobi ba su cika kamuwa da ita ba. Ke nan gado yana da nasa, amma abin da yaro ke shaƙa tun yana goye ma yana da nasa.

Yanzu a leƙa ɗakin kwana a Fagge ko Kurna da daddare. Taga a rufe saboda sauro, igiyar sauro na ci a ƙarƙashin gado, janareta na ruri a tsakar gida, ga kyankyasai, ga ƙurar kafet. Sannan ga kaskon turaren wuta, wanda na san iyayenmu mata ba za su so a taɓa ba, amma ƙamshi bai hana shi zama hayaƙi ba. Wanne a cikinsu ya fi illa ga jariri? Binciken Amurka ba zai ba mu wannan amsar ba, don ba irin ɗakunanmu suke kwana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya a 2019, kuma 455,000 suka rasu sanadiyyarta.

Roƙona shi ne jaridarku ta tuntuɓi likitocin ƙirji da na yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da masana a Jami'ar Bayero, su faɗa mana da Hausa abin da suke gani. Gwamnatin jiha kuma ta ba su kuɗi su shiga unguwanni su auna iskar ɗakuna, damina da rani. In kun samu zama da su, ku tambaye su batun da ake yaɗawa cewa wanda ya fara amfani da maganin shaƙa ba ya rabuwa da shi, domin tsoron nan yana hana iyaye da dama saya wa 'ya'yansu.

Naka,
Mai karatu daga Gwammaja, Kano