Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan tseren motocin sola

Jos, Jihar Filato.

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Sakkwato? Mu nan sanyi ya fara sauka, kowa ya zaro rigarsa mai kauri.

Saƙonka ya iso, cewa ɗalibanka sun matsa sai sun ƙera motar tsere mai aiki da hasken rana, har sun fara tambayar farashin farantin sola. Ka dakatar da su tukuna. Wannan tsere ba a cinsa da yawan faranti, da lissafin wuta ake cinsa, kuma daga takarda ya kamata su fara.

Babbar gasar ita ce ta Ostareliya, wadda aka fara a 1987, daga Darwin zuwa Adelaide, kimanin kilomita 3,000 ta tsakiyar hamada. Ana tuƙi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, inda biyar ta riske ka nan za ka kwana, ga kuma tsayawar dole ta minti 30 a wuraren bincike. Ɗaliban Jami'ar Delft ta Holan sun fi kowa cin kofin, sai su Jami'ar Leuven ta Beljiyam da suka ɗauka a 2019 da 2023. A nahiyarmu akwai ta Afirka ta Kudu tun 2008, ita ce ta fi kusa da aljihunku.

Ga lissafin. Rana tsaka tana zuba wajen wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya. Farantin silikon mai kyau yana kama kashi 24 cikin 100. A gasar 2023 murabba'in mita 4 aka yarda da shi, wato wutar da ba ta kai wat 1,000 ba, ƙarfin dutsen guga kenan. Da ita mota za ta yi gudun kilomita 80 zuwa 90 a awa. Shi ya sa babban abokin gaba iska ce. In ka ninka gudu sau biyu, wutar da za ka kashe wajen keta iska sai ta ninka sau takwas. Daga 60 zuwa 90 kawai, ta haura ninki uku. Direban da ya ji daɗin hanya ya taka da safe, kafin la'asar ya zubar da batir. Don haka ba direba ke yanke gudu ba, masu lissafi ne a motar da ke biye, suna kallon hasashen gajimare da abin da ya rage a batir, suna faɗa masa ta rediyo.

Nauyi na biye. Manyan ƙungiyoyi da zaren kabon suke gini. Naku su fara da bututun alminiyam, ba abin kunya ba ne. Amma kada su ɓata lokaci neman siririn direba, domin doka ta ce wanda bai kai kilo 80 ba sai a cika masa da nauyi. Injin a saka shi cikin taya kai tsaye, a huta da sarƙa da giya, su ma wuta suke ci. A kuma daidaita tayoyi sosai, in sun ɗan karkace ko da kaɗan, roba za ta cinye, wuta ta tafi a banza.

Abin da ya fi lalata aikin sababbin shiga shi ne haɗin faranti. Ƙwayoyin sola, wato ƙananan yankan da ke haɗuwa su zama faranti, da aka jera a layi ɗaya, in inuwar rumfar direba ta faɗa kan guda, duk layin ya ja baya, ita kuma ƙwayar ta yi zafi. Maganinsa a raba farantin kashi-kashi bisa yadda kowane ɓangare ke fuskantar rana, kowane kashi da na'urar MPPT tasa, mai tatso iyakar wutar da kashin zai iya bayarwa, a kuma sa dayod na kewaye, wanda ke ba wuta hanyar tsallake ƙwayar da inuwa ta rufe. Zafi ma yana rage wuta, kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25. Ka ga a Sakkwato watan Afrilu asarar ba ƙarama ba ce. Ƙurar hunturu kuwa a wanke ta da tataccen ruwa da tsumma mai laushi, ruwan rijiya yana barin tabo.

Batir shi ne wurin da ba na son wasa. A 2019 motar Delft tana kan gaba, saura ƙiris ta isa Adelaide, ta kama wuta ta ƙone ƙurmus, Allah Ya tsare direban. In ƙwararru irin waɗannan sun gamu da haka, kada ka bar yara su haɗa batirin litiyam da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci. A sayi iri ɗaya, a auna kowace, a sa na'urar da ke lura da caji da zafinsu, da fis, da makunnin kashe komai wanda za a iya kaiwa daga wajen mota.

In motar ta tashi, ku kawo ta nan gwaji. Tudun Jos ya kai mita 1,200, ga sanyi da faranti ke so, iskar ma ta fi ta ƙasa sauƙin ketawa. Sai dai ku guji Yuli da Agusta, hadari ba ya barin rana. Gangaren Hawan Kibo, da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, zai gwada birkin da ke mayar da wuta cikin batir: mota mai kilo 250 har da direba, duk saukar mita 100 wajen wat-awa 68 ne, kafin a cire asara. Amma kada a fara gangarar da cikakken batir, don ba inda wutar za ta shiga, sai na'urar ta yanke, a bar direba da birkin ƙafa kaɗai. Shi ma a tabbatar zai iya tsayar da motar shi kaɗai, kuma kada a hau titi sai da izinin hukuma da motar rakiya gaba da baya, saboda tireloli.

Ka turo min zanensu da nauyin da suka ƙiyasta in duba. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka, Sani.