A kai wa tsofaffi da naƙasassu agajinsu har inda suke kwance

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi magana da masu rabon agaji a nan Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF (rundunar kai ɗaukin gaggawa) ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara da Sinja a Yunin 2024, makarantun Gadarif da Kasala suka cika da masu gudun hijira. Kaya na zuwa, amma rabon na layi ne, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya tsayuwar rana tun hantsi har azahar.

Matsalar tana farawa daga rajista. Wanda bai fito ba ba a rubuta shi. A bi aji-aji da gida-gida tare da mai unguwa ko liman, a rubuta wa kowane tsoho ko gurgu wakilai biyu da shi ya zaɓa da bakinsa. Wakili ɗaya ba ya isa: in ya yi tafiya ko ya ci amana, shi ke nan. Sanarwa ta lasifika kuwa makaho ya ji, kurma sai an aika masa mutum.

Buhu mai kilo 50 a raba shi kilo goma-goma. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, a ba su mai lita 10. Dawa tsaba ba abinci ba ce ga marar haƙori, kuɗin niƙa ma babu. A niƙa ta gari don kunu ko asida (tuwo), adas (wani ƙaramin wake) kuma a dafa ya narke. Masu takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, Allah ya saka musu, su ware samari biyu masu kai kwano kafin a buɗe layi.

Abin da aka fi mantawa shi ne masai. Wanda ba ya iya tsuguno sai ya rage ci da sha don kada ya buƙaci zagayawa, ƙishirwa ta kwantar da shi. Kujerar roba da aka huda tsakiyarta, igiya ko ƙarfen riƙewa, da ƙofa mai faɗin santimita 90, sun wadatar. Keken guragu kuma a kawo mai tayar roba zalla, don ƙaya na fasa mai iska, lakar Gadarif da damina ba ta raga wa mai siririyar taya.

Maganin hawan jini da na ciwon suga a bayar na wata guda, a rubuta sunansa a katin da zai zauna jikin mai shi. Insulin, wato allurar ciwon suga, in babu firji a ɗaure shi a leda, a sa a ƙaramin tulu cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Kwalbar da aka buɗe kwana 28 take yi. Kuɗin da ake turawa ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum, kuwa sai da waya, don haka a ba tsofaffi nasu a hannu, gaban shaida.

Wassalam.

Wasu masu aikin sa-kai,
Gadarif, Sudan