Amsa ga Alhajin da ya tambaya ko mun taɓa riƙe alli

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron iyaye da malamai da aka yi a nan Gusau, ka ɗauki lasifika gaban jama'a ka jefo mini tambaya: wai ta yaya malami ɗaya zai koyar da makaho da kurma da gurgu a ajin da ya riga ya cika da yara tamanin? Ka ce ko mu masu kiran a haɗa nakasassu da sauran ɗalibai a sakandare mun taɓa riƙe alli, ko kuwa kuɗin zaman bita na ƙungiyoyin Turawa ne ke magana da bakinmu. Shawararka ita ce a gina musu babbar makarantar kwana tasu su kaɗai, kowa ya huta. Aka yi tafi, aka shafa fatiha, ba a miƙo mini lasifikar ba. To ga amsa a rubuce.

Maganar alli ba ta cancanci tawada ba. Waɗanda suka bi ta hannuna suna nan cikin gari, a tambaye su. Ta kuɗin Turawa ce ta sosa mini rai, domin da ita ake kashe bakin duk wanda ya tuna wa manya abin da suka sa wa hannu. Dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci ta 2018 ba Bature ne ya zartar da ita ba. Majalisar Tarayya ce, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Sashe na 17 ya ba nakasasshe ilimi kyauta har ƙarshen sakandare ba tare da an ware shi ba. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don wannan aiki. An ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. In akwai wanda ya ci alawus a kan wannan, ranka ya daɗe, sai ka nufi Abuja da tambayarka.

Tambayar kuma a karkace ka gina ta, don ka zuba yara uku a buhu ɗaya alhali buƙatunsu ba su haɗa hanya ba.

Gurgu ba ya neman komai daga malamin lissafi da ya wuce abin da kowa ke nema. Daga magini yake nema, kuma wannan fagenka ne, tun da kowa ya san da aikin gini ka yi suna. Ƙa'idar gangaren hawa ita ce kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Barandar aji mai tudun santimita 45 tana bukatar gangare mai tsawon mita 5.4, faɗinsa ya kai mita 1.2, da ƙarfen riƙewa a gefe, da fili shimfiɗaɗɗe na mita ɗaya da rabi a sama inda keke zai juya. Abin da ake zubawa a makarantunmu kuwa bai fi taku biyu ba, a shafe shi sumul kamar dutsen guga, a ɗauki hoto. Yaro in ya tunkare shi keken ya kife da shi ta baya, da damina kuma ko mai ƙafa biyu tsoronsa yake. Ƙofar aji ta kai santimita 90, kuma a daina yi mata dokin ƙofa mai tudu. Daga bakin makaranta zuwa aji a daɓe siririyar hanya, domin tayar keke nutsewa take cikin rairayi. Sai masai, wanda ba a son ambatonsa a taro. Ramin tsuguno ba ya yi wa wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu, sai ya ja jiki da hannu a kan ƙazanta. Mazauni mai tudun santimita 45 da ƙarfen dafawa a bango sun raba gardama. Yarinya budurwa takan bar makaranta saboda wannan kaɗai, a rubuta a rajista wai iyayenta ba sa son boko.

Makaho aikinsa ya fi haka, amma sananne ne. Rubutun Braille ɗigo shida ne a kowane gurbi, kuma a firamare ya kamata ya iya shi. Da allon hudawa da tsinkensa daga dama yake farawa, ya juya takarda ya karanta daga hagu, abin da ke sa malamin aji ya riga shi nisa. Keken rubutu na Perkins ya fi sauri, sai dai ƙararsa na damun aji, shi ya sa ake ajiye shi a ɗakin taimako, wato ɗakin da aka keɓe wa malaman ilimi na musamman da kayan aikinsu. Abin da ake roƙon malamin aji biyu ne: ya faɗi da baki duk abin da ya rubuta a allo, ya daina cewa “wannan a raba da wancan”, sannan ya miƙa darasinsa mako guda kafin lokaci don a juya shi zuwa Braille. Inda abin ke lalacewa shi ne takarda. Shafi ɗaya na bugu yana cin biyu zuwa uku na Braille, takardar mai kauri ce, kuma in ta ƙare a tsakiyar zango yaron ya koma sauraro kawai. Manhajar NVDA da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta kyauta ce, wayoyin Android kuma da irinta mai suna TalkBack suke zuwa. Mai raunin gani da zabiya kuwa ba Braille suke so ba: kujerar gaba, nesa da hasken taga, baƙin allo da aka sabunta wa fenti, da takardar jarrabawa mai manyan haruffa.

A kan kurma ne tambayarka take da ɗan nauyi, ko da yake ba ka san inda nauyin yake ba. Yaron da ya taso a ƙauye da maganar hannu ta gida yake zuwa, makarantun kurame kuwa da wata maganar hannu suke koyarwa, wadda asalinta ta Amurka ce, ta shigo ta hanyar wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, wajen 1960. Jefa shi shi kaɗai cikin masu ji zalunci ne, kuma ba abin da muke kira ke nan ba. A tara su biyar ko takwas a aji ɗaya, a gaba, inda za su ga fuskar malami da hannun tafinta a haske. Tafinta biyu ake so su riƙa karɓeɓeniya, don bayan kamar rabin awa hannu da kai sun gaji, fassara ta fara zubewa. Malami kuma ya daina magana yana fuskantar allo. Na'urar ji da ake rabawa a bikin ranar nakasassu batirinta mako ɗaya ko biyu yake yi, daga nan ta koma aljihu.

Saboda haka ba kowace makaranta za ta ɗauki komai ba. Ƙananan hukumomi 14 gare mu. A zaɓi sakandare guda ta maza da guda ta mata a kowace, a ba ta ɗakin taimako da malamai biyu ko uku da suka karanta fannin. Ana horar da su a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero. Su yara tamanin ɗin nan da kake kafa hujja da su, tsarin ilimi na ƙasa 40 ya ce a babbar sakandare. Ba makaho ne ya ninka su ba, kuma ban ji ka ɗaga murya a kansu ba sai ranar da aka ce a ƙara shi.

Akwai kuma waɗanda ba ka lissafa ba domin ba su da sanda ko keke. Gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400. Waɗanda suke goye a lokacin suka tsira, yanzu shekarun sakandare suke, kuma dalma tana taɓa riƙon karatu da natsuwa. Sanƙarau na 2017, wanda Zamfara ta fi kowace jiha jin jikinsa, yana barin kurumta, wani lokaci a kunne ɗaya. Waɗannan yara suna cikin azuzuwanmu tuntuni, a layin baya, ana kiransu daƙiƙai ana zane su. Gwajin gani da na ji a makon farko na aji ɗaya zai fito da da yawansu. Su ma makarantar kwanan za ka kwasa?

Ita makarantar taka, na san za ta yi kyau a takardar kwangila: katanga, ɗakunan kwana, gidan shugaba. Amma tun da aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, wane uba a Shinkafi ko Gummi zai ɗora 'yarsa makauniya a mota ya aika ta kwana a wani gari? Wadda ba ta ganin hanyar gudu, da wanda ba ya jin harbi? Makarantar musamman tana da aikinta, wato koyar da Braille da maganar hannu tun daga tushe da riƙe masu lalura mai tsanani. Ba za ta zama wurin da ake kai yaro don a daina ganinsa ba.

Tun da kai ne shugaban iyaye, ga aikin da ba ya bukatar buhun siminti ko ɗaya. WAEC tana buga takardun Braille da na manyan haruffa, tana kuma ƙara wa makafi da kurame rabin lokacin da aka ba sauran, amma sai an nuna lalurar yaro tun wajen rajista. Makarantu kan manta, ranar jarrabawa a tarar ba takarda, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. JAMB ma tana da tsari na daban don makafi tun 2017. Ka tambayi shugabannin makarantun da ke ƙarƙashin ƙungiyarku yara nawa suka yi wa irin wannan rajista bana, ka karanto mana adadin a taro na gaba. Lasifikar dai a hannunka take.

Wassalam.

Malamin ilimi na musamman,
Gusau.