Zuwa ga Hajjaju, daga Gyaɗi-gyaɗi

Gyaɗi-gyaɗi, Kano
Daren Laraba

Hajjaju tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Amir da 'yan Amurkawanki. Na san kin cika kin batse, kuma kina da gaskiya. Saƙon muryarki mai minti tara yana nan a wayata tun kafin azumi. Sau biyu na saurare shi, kullum in ce sai na samu natsuwa zan ba ki amsa, ita kuwa natsuwar ta yi ɓatan dabo. Yau yara sun kwanta da wuri, maigidan ya tafi ta'aziyya Wudil, sai na jawo kwamfuta na ce ko da hasken tocila ne sai na amayar miki da abin da ke cikina.

Kin san tun bara a jami'armu suka maƙala mini kodinetan 'yan aji uku. To a jarrabawar da muka gama, ranar wata Talata, ina zagaye a babban ɗakin nan mai fankokin ado, rana ta take, sai na hangi wata ɗalibata a layin ƙarshe ta zauna a karkace. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta taɓa kariyoba ba. Na san tana da tsohon ciki, amma da na matsa sai na ga ciki babu. Na sunkuya na ce, “Ke, yaushe?” Ta ce, “Ranar Alhamis, Malama.” Kwana biyar, Hajjaju! Ko suna ba a yi ba. Fuska ta kumbura, ƙafa ta ƙi shiga takalmi sai silifas ɗin mijinta ta zuro, tana ƙamshin ganyen darbejiya, don da asuba aka yi mata wankan jego kafin a saka ta a adaidaita sahu tun daga Kurna.

Bayan kamar awa ɗaya sai muka fara jin kukan jariri daga waje, irin siririn kukan nan mai shiga har ƙashi. Na leƙa taga. Kakarta ce zaune a gindin bishiya da fulas ɗin kunun kanwa a gefe, tana jijjiga yaro tana sa masa ɗan yatsa a baki. Na waiwayo, sai na ga gaban hijabin yarinyar ya jiƙe sharkaf, tana ƙoƙarin rufewa da takardar tambayoyi. Ta ɗaga hannu ta nemi fita. Malamin da ke tsaron jarrabawar ya ce shi fita banɗaki ya sani, bai san fita shayarwa ba, kuma wa ya sani ko an rubuto amsa a jikin zanin goyon? Wallahi haka ya ce. Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki da yanzu ina gaban kwamiti. Na fita na karɓo yaron, na warware zanin na kakkaɓe a gaban idonsa, na ja benci bayan ƙofa na tsaya na kare su da mayafina, littafin amsarta a hammatata. Minti goma sha biyu tana shayarwa tana hawaye, tana tambayata ko za a ƙara mata lokacin. Na ce za a ƙara. Ba ni da ikon faɗin haka, na dai faɗa, na kuma tsaya a kanta har ta ajiye biro.

Da na dawo gida tuwo ya ƙi wucewa. Na ɗauko littafin dokokin ɗalibai, wanda rabona da shi tun ranar da aka ba ni, na bi shi shafi-shafi. Akwai halartar lakca kashi 75 cikin 100, akwai satar amsa, akwai tsawon siket da launin gashi. Akwai rashin lafiya in an kawo takardar asibiti. Kalmar ciki ko haihuwa kuwa ko sau ɗaya. A ajin da kusan kowace Juma'a sai an raba mana katin biki! Abin da ya rage wa mai jego shi ne ta jingine karatu, ta dawo baɗi ta bi ƙannenta, ko kuma ta yi abin da wannan ta yi. Waɗannan fa su ne suka zauna wata takwas a gida a yajin aikin ASUU na 2022, wa zai ce musu su ƙara zubar da shekara da hannunsu? Rabin jariran da ake goyo a harabar nan ma ribar wancan yajin ce, in kin lissafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne komai ya koma alfarma. In ta faɗa hannun mai tausayi a sake mata tes, in ta faɗa hannun wancan a ce wa ya aike ta. Ni da na haifi Auta ban roƙi kowa ba. Fom na cike, aka buga hatimi, na tafi gida albashina na shigowa. Ma'aikatan tarayya hutun haihuwarsu aƙalla wata huɗu ne, har mazan an ba su kwana 14 tun 2021, ko da yake namu da aka ba shi labarin cewa ya yi zai yi amfani da su ya je gona. Kaduna nan kusa wata shida suke bai wa matansu tun 2019, Legas ta riga su tun 2014. Likitoci kuma suna ta faɗa a rediyo a ba yaro nono zalla wata shida, ko ruwa kar a ba shi. To uwar da ke lakcar ƙarfe takwas zuwa shida na yamma, ta waya za ta aika masa?

Ke kuma kar ki yi mini wannan murmushin na “ai mu a nan”. Ba ke kika kira ni kina kuka ba lokacin Amir, kika ce ƙasar da ta fi kowa kuɗi mako 12 dokarsu ta 1993 ta ba ki, ba ko sisi? Ko dokar ƙwadagonmu da muke rainawa, sashe na 54, mako 12 ɗin ta bayar, shida kafin a sauka shida bayan an sauka, da aƙalla rabin albashi in mace ta yi wata shida a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. A takarda dai mun fi ku. Na ce a takarda, domin matar da ke share mana ofis, wadda ɗan kwangila ya ɗauka, kwana goma sha shida ta yi ta dawo da tsintsiya, wai in ta cika arba'in za ta tarar an sa wata. Na karanta mata sashen nan da Hausa. Ta yi dariya ta ce, “Malama, shi wannan sashen zai biya mini kuɗin haya?” Na rasa abin cewa, na ba ta kuɗin mota.

Af, kafin in manta, Anti Larai ta koma ɗakinta. Eh, karo na uku. Wannan karon har da sabon firji, kuma ta ce kowa ya kama bakinsa. Ni dai na kama nawa, ke ma ki kama naki, kar ki kira Yaya Babba ki ce daga wurina kika ji. Shi kuma mutuminki mai jar hula ya fito takarar kansila, fostarsa na nan a Ƙofar Nassarawa, an goge masa fuska har ya fi ranar aurensa haske.

Ina muka tsaya? Yauwa, taron sashe. Na rubuta shafi biyu na kai. Ban nemi sama da ƙasa ba: wadda ta haihu cikin mako biyu kafin jarrabawa ko a tsakiyarta a ba ta damar rubutawa daga baya ba tare da an sa mata faɗuwa ba, ranar awo kar a lissafa ta a fashin lakca in ta nuna katin asibiti, a kuma samar da ɗaki ɗaya mai ƙofa. Wani babba, kin san ko wane ne, mai carbin nan da ba ya tsayawa, ya gyara gilashi ya ce jami'a ba gidan suna ba ce. Wata kuma, mace 'yar'uwarmu, ta ce ita da ciki wata tara ta kare digirinta na biyu kuma ba ta mutu ba. Wannan ta fi yi mini ciwo. Ashe ciwon 'ya mace ba kullum yake zama na 'ya mace ba, wani lokacin wadda ta sha wuya so take kowa ya ɗanɗana.

Kin san wa ya tsaya mini? Ustaz! Wanda muke tsokana ba ya kallon mace sai ƙasa. Ya bari kowa ya gama, sannan ya ce shi dai ya san Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ya kuma ce uwa tana ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni, to bai ga yadda za mu yi ta wa'azin a aurar da yara su yi karatu a ɗakin mazajensu ba, sannan in aure ya yi albarka mu hukunta su. Ɗaki ya yi tsit, har carbi ya tsaya.

Ba a ba ni duka ba. Maganar jarrabawa an ce ta fi ƙarfin sashe, sai ta je tsangaya, daga nan ta hau sama, kin kuwa san yadda takarda ke tsufa a hanya. Amma an ba ni siton da ke ƙarƙashin bene, inda ake jibge tsofaffin furojet. Ranar Asabar ni da ɗalibai shida muka kwashe, muka kori ɓeraye da wani ƙadangare da ya fi shugaban sashe daɗewa a wurin. Na kawo ledar ɗakina ta da da labule, Ustaz ya aiko da fanka mai caji bai ce daga shi ba ne, amma yaron da ya kawo ya tona. Yanzu akwai katifa ɗaya, buta, bokiti mai murfi, da makulli a hannun wakiliyar aji. Jiya na leƙa na tarar da uku a ciki, biyu na shayarwa, ɗaya ta baje tana barci da littafi a fuska, kakar nan ta Kurna kuma ta zama shugabar wuri, tana koya wa wata yadda ake ɗaura goyo. Na ce mata ta rage wa jikarta kanwar nan da tafasasshen ruwa, likitoci sun daɗe suna cewa suna taɓa zuciyar mai jego. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita goma sha ɗaya ta haifa.

Yarinyar kuwa ta ci kwas ɗin, B ta samu. An sa wa yaron Muhammad, suna kiransa Ɗan Jarrabawa.

To ga abin da nake so ki yi mini, kuma kar ki ce sai kin gama dusar ƙanƙararki. Kin taɓa ce mini a makarantarku akwai ofishin da ke kula da dokar nan ta 1972 da kuke kira Title IX, wadda ta hana a nuna wa ɗaliba bambanci saboda ciki, in ta haihu a ba ta uzuri ta dawo inda ta tsaya. Ki samo mini takardar da suke raba wa ɗalibai, ainihin yadda suka tsara ta. Ba don in kwafa ba, na san da na ce daga Amurka ne mai carbi zai ce an fara kawo mana baƙin abu. So nake in ga yadda ake rubuta irin wannan ta zama ko ba ni a kujerar, ko Ustaz ya yi ritaya, yarinya za ta ɗaga shafi ta ce ga shi nan.

Kuma ina sauri ne don wani dalili. Zauna tukuna. Na ce ki zauna. Auta dai ya tashi daga auta. Wata huɗu ke nan. Ni da na raba kayan jarirai kaf shekara biyu da suka wuce, har gadon na ba wa Ummi! Maigidan sai washe baki yake kamar shi zai yi naƙudar, Hajiya kuma ta ce dama ta gani a idona tun ranar Salla. Lissafi ya nuna zan sauka daidai lokacin da ya kamata in gabatar da babi na huɗu na binciken digirin da nake yi, kuma a can ni ma ɗaliba ce, littafin nan da bai san ciki ba shi ke kaina. Mai duba aikina ban gaya masa ba tukuna, ina ta sa manyan hijabai kamar 'yar aji ɗaya. In kika yi dariya Allah ya ba ki tagwaye.

Na san akwai abin da kika tambaye ni a saƙon nan, ko maganar ankon bikin Ummi ce ko kuɗin yajin da na aika miki, wallahi ya shige mini. Zan sake saurara gobe a hanyar makaranta. Ki gaida Baban Amir, ki ce masa har yanzu ina bin sa turarena. Ga wuta nan sun ɗauke.

Taki har kullum,
Maman Auta (kafin a sauya mini suna)