Taya murna ba ya rufe ƙofar kotu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Baƙon da kuka gayyato ya faɗa har sau biyu cewa duk ɗan takarar da ya ɗaga waya ya taya abokin hamayyarsa murna, to ya sallama, ba shi da sauran bakin zuwa kotu. Mai gabatarwa bai tanka masa ba, sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ni na ga abin da irinta ta jawo a gidanmu.

Yayana ya tsaya takarar majalisar jiha a 2019. Daren da aka tattara sakamako matasanmu suka cika ƙofar ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma, wasu da gora a hannu, har na hango wani yaro da galan ɗin fetur ɗaure a bayan babur. Ina tsaye kusa da Yaya ya karɓi wayata, don tasa caji ya ƙare, ya kira wanda aka ce ya ci, ya sa a lasifika yadda yaran za su ji, ya ce masa Allah ya sanya alheri, Allah ya taya riƙo. Nan take jikin kowa ya yi sanyi, aka watse, ko gilashi ɗaya ba a fasa ba.

Bayan kwana huɗu wakilanmu suka kawo kwafin takardun sakamakon da aka ba su a rumfuna. Muka baje su kan tabarma a zaure muna lissafi da biro, sai ga mazaɓu biyu inda abin da aka rubuta a rumfa daban, abin da aka shigar a wurin tattarawa daban. Muka ce Yaya a tafi kotu. Sai masu irin ilimin baƙonku suka yi masa ca: "Alhaji, ai ka riga ka sallama, duniya ta ji, wane alƙali zai saurare ka?" Yaya mutum ne mai kunya, ba ya son a ce ya yi amai ya lashe. Ya yi ta jan ƙafa. Ranar da muka samu ya yarda muka je wurin lauya, kwana 23 ke nan da bayyana sakamako. Lauyan ya duba takardun, ya duba kalanda, ya buɗe mana sashe na 285 na tsarin mulki: kwana 21 kacal ake da su na shigar da ƙarar zaɓe. Ya ce kiran da Yaya ya yi bai hana shi komai ba, kwana biyun nan ne suka hana shi. Har muka iso gida Yaya bai ce kanzil ba a cikin mota.

Ban ce da mun je da mun ci ba, wannan sanin Allah ne. Amma an hana mutum jin ta bakin alƙali da maganar da ba ta cikin kowace doka.

Jami'in da hukumar zaɓe ta naɗa shi ke bayyana wanda ya ci, hukumar ta ba shi takardar shaida, kotu kuma ta tabbatar ko ta rushe. Kiran waya ba ya cikin wannan jeri. Baƙonku ya kafa hujja da Jonathan. To ai lokacin da Jonathan ya kira Buhari ranar 31 ga Maris 2015, Farfesa Jega bai ma kammala bayyana sakamako ba. Dattako ya yi, ya kashe wutar da ake tsoro, kuma muna gode masa har gobe. Rashin zuwansa kotu zaɓinsa ne, ba doka ce ta ɗaure shi ba. A Amurka a 2000 Al Gore ya kira Bush ya sallama, a daren kuma ya sake kira ya janye da ya ga yadda ƙuri'un Fulorida suka matse, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 12 ga Disamba. Babu alƙalin da ya kore shi don ya taɓa taya murna. Shi kuwa Trump ya ƙi sallamawa a 2020, kuma hakan bai hana a rantsar da Biden ba.

Ina jin inda baƙonku ya rikice shi ne ya haɗa wannan da iƙirari. Wanda ya tsaya gaban alƙali ya amsa da bakinsa cewa ana binsa bashi, ya gama wa kansa, ba sai an nemo shaidu ba. Wannan magana ce a cikin shari'a, kan abin da mutum ya sani da kansa. Ɗan takara kuwa a daren zaɓe me ya sani? Lambobin da aka karanta masa kawai. Lauyan ɗaya ɓangaren yana iya tayar da maganar kiran a kotu, amma ba ta isa ta hana a karɓi ƙara ba.

Abin da ya fi damuna, idan 'yan takara suka yarda cewa taya murna zai cinye musu haƙƙi, babu wanda zai sake ɗaga waya a irin daren da na gani, kuma yaron nan mai galan ba zai koma gida ba. Ku gayyato lauyan da ya saba shari'ar zaɓe ya gyara wannan magana, a cikin shirin nan kuma a lokacinsa, ba da tsakar dare ba.

Sannan don Allah ku duba tallar masu maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shiri. Ranar Laraba sau uku aka katse hira ana tallar maganin basir, na kira layinku sau biyar don in yi gyara, aka ɗaga sau ɗaya, aka bar ni ina jin talla har katina ya ƙare.

Wassalam.
Mai sauraronku kullum, daga Funtuwa.