Wasiƙa: Dan Allah a riƙa tunawa da su E.T. Mensah a shafin nishaɗi

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka. Ina da ɗan ƙorafi ne akan shafinku na nishaɗi, kullum in an buɗe sai labarin wane ya saki sabuwar waƙa, wance tayi faɗa da wance a TikTok, to ba laifi wannan ma labari ne kuma yara na so, amma gaskiya akwai mutanen da suka yi aiki a harkar kiɗa a yankin nan namu na Afirka ta Yamma da ko sunansu ba'a ambata, shi yasa nace bari in ɗan rubuto akan ɗaya daga cikinsu, E.T. Mensah na Gana, wanda ake kira sarkin hailaif, wato wani salon kiɗan rawa da ya samo asali a Gana.

Cikakken sunansa Emmanuel Tettey Mensah, an haifeshi a Akara ranar 31 ga Mayu 1919. Tun yana ɗan firamare ya fara busa sarewa a ƙungiyar wani malaminsu da ake kira Teacher Lamptey, malamin nan tara yaran makaranta yake yana koya musu bushe-bushe har abin ya girma ya zama Accra Orchestra. Daga baya shi da wansa Yebuah suka ware suka yi tasu. Amma ku sani a lokacin abinda ake kaɗawa a manyan gidajen rawa na Akara kiɗan Turawa ne, irin rawar nan da namiji da mace ke riƙe juna suna zagaye fili, sai wanda yasa kwat kuma yake da kuɗin shiga zai shiga, talaka sai dai ya tsaya a waje yana leƙe. Waƙoƙin gida sai ɗan tsakure ake sakawa.

Yaƙin duniya na biyu ne ya canza lissafi. Sojojin Ingila da na Amurka suka cika Akara da Takoradi, dan ta Takoradi ake sauke jiragen yaƙi a haɗa su sannan su taso ta Legas, su biyo ta Kano da Maiduguri su wuce Sudan har Masar (mutanen Kano da yawa basu san filin jirginsu yayi wannan aikin ba). To sojojin nan suna son kiɗan jaz irin na ƙasarsu, kuma cikinsu akwai wani saje ɗan Sikotlan, Jack Leopard, wanda dama busa saksofon ce sana'arsa kafin ya shiga soja, shine ya haɗa ƙungiya ta Turawa da baƙaƙe yasa mata suna Black and White Spots ya ɗauki E.T. a ciki. A nan ya ƙware a karanta kiɗa a rubuce da kuma yanda ƴan busa uku ko huɗu za su tafi tare ba wanda ya danne wani. Kuma a nan yaga cewa ba sai an tara mutum talatin ba kaman yanda ake a da, ƙaramar ƙungiya in ta iya aikinta ta isa ta cika ɗaki.

Bayan yaƙi Turawan suka watse suka koma gida, wata ƙungiya mai suna Tempos da aka kafa lokacin yaƙin ta koma hannun ƴan ƙasa, kuma kafin shekarun 1940 su ƙare E.T. ne shugabanta, lokacin ya koma busa begila da saksofon. Akwai wani makaɗin ganga a cikinsu, Guy Warren wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, yaje Landan ya dawo da gangunan hannu irin na Kyuba da salon kalifso na Tirinidad. Suka haɗa wannan da waƙoƙin gida, suna yi da harsunan Ga da Tuwi da Fanti da Turanci, ga busa irin ta jaz a sama. Wannan haɗin shine hailaif ɗin gidan rawa da ya mamaye ko ina a shekarun 1950. Daga 1952 kamfanin Decca ya fara buga musu faifan garmaho, faifan kuwa ya riga su zuwa garuruwan da basu taɓa takawa ba.

To ni abinda yafi ɗaukar hankalina a rayuwar mutumin nan ba busar ba ce kawai, yanda ya riƙe ƙungiya ne. E.T. ya karanci haɗa magunguna, ma'aikacin gwamnati ne mai albashi, kuma kusan duk makaɗan zamanin haka suke, akawu ne ko malami da rana, da dare ko ƙarshen sati ya ɗauki abin busa. Shi kuma wajen 1953 ya yanke shawarar Tempos ta zama sana'a ta cikakken lokaci, kayan kiɗa nasa ne, shi zai nemo inda za'a yi wasa, shi zai biya mota, shi zai biya yaransa. Ku duba fa, wajen mutum goma kowa da iyalinsa, ga begila ga saksofon ga jita ga ganguna yawanci daga ƙasashen waje ake kawo su, in ɗaya ya lalace ba'a Akara za'a ƙera wani ba. Wlh wannan ba ƙaramin kasada bane a lokacin da iyaye ke ganin duk mai busa a gidan rawa ɗan iska ne.

Mu a nan mun saba da wani tsari daban. Makaɗin fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ubangida gare shi, sarki ne ke bashi doki da riga da hatsi, shi kuma ya raba da ƴan amshinsa, shi yasa waƙar take tafiya akan yabon ubangida da zambo ga abokin hamayyarsa. Shata ma da bai zauna a fada ɗaya ba, kyautar waɗanda ya waƙe ce ke riƙe da shi da jama'arsa. Shi E.T. kuɗinsa a bakin ƙofa yake, mutum ya sayi tikiti ya shiga, in kiɗa bai tada shi daga kujera ba sati mai zuwa ya tafi wani kulob ɗin. Dan haka waƙoƙinsa gajeru ne, minti uku ɗin da fuskar faifan garmaho ke ɗauka, amshi mai sauƙin kamawa, magana akan soyayya da zaman gari da halin mutane, ba jerin sunayen kakannin wani ba. Ban ce wani tsarin yafi wani ba, amma duk wanda ke son ya gane dalilin da yasa waƙa take yanda take to ya fara tambayar waye ke biyan makaɗin.

Kuma irin wannan ƙungiya makaranta ce ko mai ita baiso ba. Yaro zai shigo ya koyi aiki, da yaji ya ƙware sai ya ware ya kafa tasa, wani lokacin ma ya ja mutum biyu uku su tafi tare. Haka Joe Kelly ya fita, haka Tommy Gripman ya fita ya kafa Red Spots, haka Spike Anyankor ya kafa Rhythm Aces, shi kuma E.T. kullum sai ya sake ɗauko sababbi ya fara horaswa daga farko. Nasan abin da ciwo ga mai ƙungiya amma ta haka Akara ta cika da ƙungiyoyin rawa.

Sai maganar Najeriya, wadda itace ma tasa nake ganin labarin ya shafe mu. Tempos sun fara zuwa Legas a 1950, daga baya suka maida abin kaman gida, suna zuwa akai-akai suna zagaya garuruwan kudu. Lokacin Bobby Benson ne babba a Legas kuma yawanci jaz da kalifso da kiɗan Turawa yake yi, da aka ga yanda mutane ke tururuwa wajen ƴan Gana sai kowa ya juya. Victor Olaiya da ya fito daga hannun Bobby Benson ya kafa Cool Cats a 1954, Rex Lawson ma ya taso da tasa busar, kuma Fela da duniya ta sani yanzu a wajen Olaiya ya fara waƙa yana saurayi, ƙungiyarsa ta Koola Lobitos ma hailaif ne haɗe da jaz kafin ya ƙirƙiro nasa salon. Abinda mutane basa lura da shi shine kuɗi ɗaya ake kashewa lokacin, fam da sule na Afirka ta Yamma, a Gana da Najeriya da Saliyo da Gambiya, abinda ka samu a Legas ka zuba a aljihu ka kashe a Akara ba canji ba komai. Gana tayi nata kuɗin a 1958, Najeriya a 1959, ga kuma makaɗan Najeriya sun tsaya da ƙafarsu basa son baƙi suna kwashe musu kasuwa, sai zirga-zirgar ta ja baya. Daga baya ma ai kowa ya san abinda ya faru, Firaministan Gana Busia ya kori baƙi a 1969 har da Hausawan zango da yawa, mu kuma muka rama a 1983 zamanin Shagari.

A Mayun 1956 Louis Armstrong, shahararren mai busa jaz na Amurka, ya sauka Akara, ƙungiyoyin gari suka tare shi a filin jirgi da busa, kuma yaje kulob ɗin E.T. mai suna Paramount suka yi wasa tare. Shi Armstrong ɗin ya dawo Afirka a 1960 har ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, akwai hoton. Da Gana ta samu ƴanci ranar 6 ga Maris 1957 E.T. yayi waƙar Ghana Freedom, sannan da Nkrumah na Gana da Sekou Toure na Gini da Modibo Keita na Mali suka yi ƙawancen ƙasashensu yayi Ghana-Guinea-Mali. Ga ɗan siyasa ƙawancen bai je ko ina ba, amma waƙar har yau ana sakawa. Ya kuma kai ƙungiyarsa Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, wato har ƙasashen da Faransa ta mulka.

Faɗuwar abin kuma ba wai dan mutane sun daina son kiɗan bane kawai. A shekarun 1960 ƙungiyoyin jita masu arha suka taso, matasa suka koma kiɗan Amurka na zamani, shi kansa E.T. ya koma kan sana'arsa ta magani yana kiɗa jefi-jefi. A Najeriya yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa makaɗan hailaif na Legas dan da yawansu ƴan gabas ne, kiɗan juju na Yarbawa ya maye gurbi. A Gana tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1970, sannan bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare ta sama da shekara biyu, ga harajin kwastan mai nauyi akan kayan kiɗa. To ƙungiyar da ke cin abinci da dare, in an rufe dare me za ta ci? Makaɗa suka gudu Legas da Landan da Jamus, waɗanda suka rage suka shiga coci dan can ne kawai ake da kayan kiɗa. Yanzu kam yaro ɗaya da kwamfuta a situdiyo ya isa ya fitar da busa da ganga da jita duk shi kaɗai, haka ake yi a Akara haka ake yi a Kano, ba wanda zai ɗauki nauyin mutum goma.

E.T. ya ɗan ga karramawa kafin ya rasu, shi da Olaiya sun yi faifai tare a farkon shekarun 1980, a 1986 aka sake fitar da tsofaffin waƙoƙinsa a Landan har yaje yayi wasa yana kan keken guragu. Ya rasu ranar 19 ga Yuli 1996.

Nasan wasu masu karatu za su ce to mu ina ruwanmu da kiɗan gidan rawa da giya, ba al'adarmu ba ce. Na ji, kuma ba ina kiran kowa zuwa kulob bane. Amma tarihi tarihi ne, a Sabon Garin Kano da Jos da Kaduna an yi wannan kiɗan shekara da shekaru, kuma mu ma muna da namu, marigayi Bala Miller ɗan gidan Miller na Zariya, wanda ya riƙe babbar ƙungiyar busa a Kaduna mai suna Pirameeds, yayi hailaif da Hausa tsantsa, waƙarsa ta Ikon Allah duk wanda ya kai shekara hamsin ya santa, har shiri yake da shi a NTA. Ya rasu a 2003, kuma in ka tambayi yaro yanzu waye Bala Miller sai ya tsaya yana kallonka.

Roƙona ranka ya daɗe shine ku tura wakilinku na Kaduna ya nemo waɗanda suka yi busa a ƙungiyar Bala Miller da suka rage da rai, a tambaye su nawa ake biyansu, wa ya sayi kayan, a ina suke atisaye, me ya watsa su, a kuma leƙa gidajen rediyo da talabijin a ga ko kaset ɗin na nan. Ko sau ɗaya a wata ne a bamu rabin shafi akan irin waɗannan mutanen.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kaduna